Mai Gyaran Kundi: Sana'ar Jan Biro

Duk lokacin da zangon karatu ya zo gangara a jami'o'inmu, akwai mai sana'ar da kasuwarsa ke buɗewa, ko da yake ba shi da rumfa balle allon talla. Shi ne mai gyaran kundi. A Samarun Zariya, da kewayen Jami'ar Bayero a Kano, da Jami'ar Usmanu Ɗanfodiyo a Sakkwato, ɗalibai ne ke nuna wa junansu shi. Wani malami ne da ya yi ritaya, wani tsohon ma'aikacin maɗaba'a, wata kuwa ɗalibar babban digiri ce da aka shaida tana da ido. Kayan aikin ba su da yawa: jan biro, da ƙamus, da littafin ƙa'idojin rubutu, sai kwamfuta ga wanda ya saba da ita. Akan yi jinga da shi a kan shafi ko a kan babi.

Ƙa'idojin da yake tsarewa an sha wahala kafin a same su. A 1912 Hanns Vischer, wanda ake kira Ɗan Hausa, ya fitar da dokokin rubuta Hausa da boko. A shekarun 1930, zamanin da Rupert East ke jagorancin Hukumar Talifi a Zariya, haruffa masu ƙugiya suka shigo. Jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo, wadda ta fara fita a 1939 da Abubakar Imam a matsayin edita, ita ta kai wannan rubutu garuruwa da ƙauyuka. An kafa Hukumar Harshen Hausa a 1955, aka yi taron Bamako a 1966, da na Kano a 1972, da na Yamai a 1980, duk don a daidaita rubutun. Wannan gadon ne mai gyara ke ɗauke da shi idan ya buɗe kundin ɗalibi.

Gwanin sana'ar ba ya fara jan layi daga shafin farko. Sai ya karanta babi sukutum ya gane abin da marubucin ke son faɗa, sannan ya dawo da biro. Abin da ya fi cin karo da shi shi ne ƙugiyar da aka yar. Wanda ya rubuta "karya" yana nufin "ƙarya", ko "kasa" a gurbin "ƙasa", ya bar mai karatu da lalube. Sai raba kalma da haɗe ta. "Ya ce" da "da shi" a rabe suke, amma "aka" da "suna" da "gidansa" a haɗe. Ɗalibai da yawa sukan juya lamarin, musamman waɗanda hannunsu ya saba da rubutun waya. Akwai kuma rikicin jinsi, inda za ka ga "hanyar da aka bi shi ne" maimakon "ita ce". Akwai karin harshe: Basakkwace zai rubuta "shina" a inda Daidaitacciyar Hausa ke son "yana". A nan ake gane ƙwararre, domin idan maganar wani dattijo ce da aka yi hira da shi aka kawo, ba ya taɓa ta. Karin dattijon shi ma hujja ne a bincike.

Gyaran salo ya fi na harafi wuya. Akan sami jimla ɗaya ta cinye rabin shafi, "wanda" na bin "wanda", har mai karatu ya manta inda aka faro. Mai gyara zai datsa ta gida uku ba tare da ma'ana ta zube ba. Yakan tsaya a kan "babu shakka" da "kowa ya sani", ya rubuta a gefe: "Ina hujja?" Yakan rage kirari da zuga, domin kundin bincike wurin kafa dalili ne. Yana lura da keɓaɓɓun kalmomi kada a kira abu da suna ɗaya a babi na biyu, a sake masa wani a na huɗu. Don haka ba ya nisa da Ƙamusun Hausa na Jami'ar Bayero na 2006, da littafin keɓaɓɓun kalmomin nazarin Hausa da Farfesa Ɗalhatu Muhammad ya tace a 1990. A ƙarshe sai manazarta. Sunan da aka ambata a cikin kundi dole ya fito a jerin ƙarshe da shekara iri ɗaya, kuma maganar wani da aka ɗauko dole a nuna mai ita, in ba haka ba ta zama satar fasaha.

Me ya sa marubuci ba ya ganin waɗannan da kansa? Laifi tudu ne. Wanda ya shekara a kan rubutu, abin da ke ransa yake karantawa, idonsa na tsallake abin da ke kan takarda.

Ƙashin bayan sana'ar amana ce. Mai gyara na gari ba ya rubuta wa ɗalibi babi, ba ya ƙirƙiro masa sakamakon bincike, ba ya cusa ra'ayinsa. Idan hujja ta yi rauni sai ya ce: "Malam, wannan ka koma wa mai duba aikinka." Masu karɓar kuɗi su rubuta kundi ɗungurungum suna ɓata sunan sana'ar, suna kuma cutar ɗalibin da zai tsaya gaban malamai ya kare abin da bai sani ba.

Babban ƙorafin masu wannan aiki shi ne a kawo musu shafi ɗari biyu ana jibi za a miƙa. Gyara na son natsuwa. Ɗalibin da ya kawo aikinsa babi-babi, ya zauna aka nuna masa dalilin kowane jan layi, zai tashi da ilimin da zai yi ta amfani da shi har ya koyar. Kundi kuwa ɗakin karatu zai shiga, na baya su ɗauko shi su kafa hujja da shi, kuma yadda suka ga an rubuta haka za su rubuta. Shi ya sa ya kamata kowane sashe ya ɗauki gyaran rubutu a matsayin darasin da ake koyarwa tun ajin farko, ya kuma girmama masu yin sa.