Ko Ka Sani? Ganga Kan Haɗiye Muryar Kalangu A Cikin Kunne

Lokacin bikin Damba a Tamale, cikin watan Mauludi, makaɗan Dagomba da ake kira lunsi kan cika ƙofar fadar Gulkpe Naa, sarkin garin. Lunga, wato kalangunsu, ita ce mai magana: makaɗi ya matse tsarkiyarta a hammata, murya ta hau ta sauka tana kirarin sarakuna. Gungon kuwa ganga ce mai kaurin amo. Wanda ya kutsa har gindinta sai kirarin ya dagule masa, alhali makaɗin lunga bai yi kuskure ba. Daga kunne abin yake.

Can bayan dodon kunne akwai wani bututu mai ruwa, naɗe kamar katantanwa, tsawonsa kusan milimita 35. Kowane sauti da mazauninsa a ciki: siriri a bakin bututun, kakkaura can ƙurya. Georg von Békésy, haifaffen Hangari, shi ya nuna haka, ya samu kyautar Nobel a 1961.

In sauti ya zo a hankali, wasu ƙwayoyin halitta masu gashi, kimanin 12,000, sukan ƙara masa ƙarfi daidai mazauninsa, sai kunne ya tsince shi tsaf daga maƙwabtansa. Da ƙara ta yi yawa, wannan taimako sai ya ja baya, girgizar ta bazu. Ga shi kuma kakkauran sauti ba ya isa ƙurya sai ya ratsa unguwar sirara, yana wucewa yana danne su. Abin mamaki, ƙara murya ba ya ƙara fahimta koyaushe.

Akwai kuma akasin haka. A 1933, Harvey Fletcher da Wilden Munson sun auna a Amurka yadda jin sauti ke sauyawa da ƙarfinsa. Kunne ya fi kaifi ga sautin da ke kaɗawa sau 2,000 zuwa 5,000 a daƙiƙa. Shi ya sa in an rage rediyo, ganga ke fara ɓacewa, mawaƙi na nan.

Abin damuwa shi ne ƙwayoyin nan masu gashi ba sa sake tsirowa in sun mutu, kuma na sirara ke fara tafiya. Mai injin niƙa a kasuwar Aboabo ta Tamale, da ke wuni cikin ƙarar da ta haura desibel 85, yana iya wayar gari yana jin ana magana, amma kalmomin sun ƙi rabuwa.