Masunta Sittin a Hannu Ɗaya

 Shirinmu na musamman yau na masu haɗa katun ne a kwamfuta, da kuma iyayen da ke ganin yaro ya duƙufa gaban na'ura har dare suna tambayar me yake yi haka.

A ce wani matashi ya ɗauri aniyar zana bikin kamun kifi na Argungu: ga ruwan Matan Fada, ga masunta sittin, kowa da gorarsa da homarsa. Ba a haɗe ake zana su ba. Ruwa na da shimfiɗarsa, wadda masu aikin ke kira leya, sararin sama na da tasa, kowane masunci ma haka, a jera wannan bisa wancan. Dabarar ta girmi kwamfuta. Tun 1914 Earl Hurd ya yi rajistar zane a kan leda mai garai-garai a Amurka, don kada a riƙa sake zana gaɓar kogi duk sa'ad da mutum ya ɗaga hannu, tunda fim na cin hoto 24 a kowace daƙiƙa.

To, aiki ya yi nisa, sai aka ga masuntan sun yi wa kogin girma. Yaron da bai sani ba zai buɗe leya sittin ɗaya bayan ɗaya yana ragewa, ga wuta ba ta jiran kowa, ga man janareta na ƙonewa. A nan ne da yawa ke karaya su watsar da aikin, kuma wannan na ci mini rai, domin maganin a kusa yake.

A manhajar After Effects, wadda ta fito a 1993, ka danna leyar farko, ka riƙe Shift, ka danna ta ƙarshe, duk sun zaɓu. Harafin S zai fito maka da girmansu, P da mazauninsu, R da juyawarsu. Amma ku kasa kunne nan. Idan ka rubuta lamba, dukkansu za su koma girma ɗaya, masuncin da ke can ƙetaren ruwa ya yi daidai da na gabanka, nisa ya ɓace daga hoton. Idan kuwa ka ja lambar da linzamin kwamfuta, kowa zai ragu daga inda yake. A manhajar Blender, wadda kyauta ake sauke ta, riƙe Alt lokacin da kake canza lamba shi ke isar da canjin ga duk abin da ka zaɓa.

Akwai hanyar da ta fi wannan ɗorewa. Ka ƙirƙiri leya wadda babu zane a kanta, ka ɗaure sauran a jikinta, kamar ayarin raƙuma a akala ɗaya. Ka ja ta, duk su biyo. Ko bayan wata guda aka ce a gyara, wuri ɗaya za ka taɓa.

Sai dai sauƙin nan na da tarko. Masunta sittin da suka ɗaga homa a ƙiftawar ido ɗaya, babu wanda ya taɓa tsayawa bakin Matan Fada da zai yarda da su. Bayan ka motsa su tare, koma ka jinkirta wannan da hoto biyu, wancan da uku, wani ya zame, wani ya waiwaya.

Kuma kada ɗaliban Jami'ar Tarayya ta Birnin Kebbi da ke hanyar Kalgo su zaci sana'ar ta Turawa ce kaɗai. Moustapha Alassane na Nijar, wanda ya koyi aiki wurin Norman McLaren a Kanada, da hannu ya zana kwaɗin fim ɗinsa Bon Voyage Sim a 1966, daga baya ya zauna a Tawa, ya rasu a 2015. A Abuja kuma Adamu Waziri ya fito da Bino and Fino a 2010 domin yaran Afirka.