Yadda Za Ka Gano Ƙarar Bayan Tsohuwar Mota da Wayar Hannunka

Duk wanda ya saba bin hanyar Gumel zuwa Maigatari ranar Alhamis, ranar cin kasuwar dabbobi, ya san Fijo 504 ba ta gama yayi ba tukuna. Kamfanin Peugeot ya fito da ita a Faransa a 1968, ta zama gwarzuwar motar shekara a Turai a 1969, sannan masana'antar PAN da ke Kaduna, wadda ta fara aiki a 1975, ta ci gaba da harhaɗa ta har cikin shekarun 2000, bayan an daɗe da daina ƙera ta a Turai.

Kawuna da ke Gagarawa Tasha yana da wagon guda. Bara ya kai ta gareji aka yi mata gyaran gaba ɗaya: inji, bodi, fenti, da ƙafafun baya. Sati biyu da fitowarta sai bayanta ya fara ƙwanƙwasa a duk inda hanya ke da gargada. Aka sake canza shokazoba, ƙara tana nan. Makanike ya ce, "Alhaji, sai dai mu sauke aksil mu duba." A nan ne na roƙi kawu ya ba ni motar na yini ɗaya, ni da wayata.

Me ya sa na'urar bincike ba za ta yi aiki ba?

Da yawa daga cikinmu mun san ƙaramar na'urar nan ta ELM327 da ake soka wa mota, a haɗa ta da waya ta Bluetooth, manhaja irin Torque ta karanto matsalar inji. Wannan tsarin, OBD-II, ya zama dole a motocin Amurka tun 1996. Tsohuwar 504 mai kafireto ba ta da wurin soka shi. Ko a sabuwar mota ma, kwamfuta ba za ta gaya maka roba ta tsage ko noti ya kwance ba. Abin da zai yi maka aiki a nan shi ne makirfon, kyamara da tocilan na wayarka.

Fara sanin irin bayan motarka

Ba duk 504 ne bayansu ɗaya ba. Akwai salun da kowace tayar baya ke motsi ita kaɗai a kan hannunta. Wagon kuwa aksil guda ne miƙaƙƙe, zaune a kan sifirin masu naɗi. Ita kuma a-kori-kura sifirin ɗinta na fallen ƙarfe ne. Leƙa ƙasa, ka ɗauki hoton kowane ɓangare, hagu da dama, domin ka kwatanta su. Abin da aka ɗaura ba daidai ba yakan nuna kansa idan ka jera hotunan biyu.

Matakin farko: ɗauki sautin

Direba ba ya jin ainihin inda ƙara take, domin ƙarfen bodi yana kai sauti ko'ina. Kwashe komai daga baya tukuna: jak, sifana, jarka, har safayar taya idan tana rawa. Sannan ka samu waya biyu, ka ɗaure ɗaya a saman tayar hagu daga cikin mota, ɗaya a dama. Kunna manhajar ɗaukar murya a duka biyun, ka tafa hannu sau ɗaya domin ka samu inda za ka daidaita su daga baya. Rufe gilasai saboda iska. Wani ne zai yi tuƙi, kai kuma ka riƙa faɗin abin da ke faruwa da ƙarfi: "rami", "birki", "kwana ta hagu", "gudun kilomita 30". Ka bi kwalta mai kyau, sannan ka bi burji. Wayar da ta fi ɗaukar ƙarar, ɓangarenta ne ke da matsala.

Mataki na biyu: me ke tayar da ƙarar?

Idan sai an faɗa rami ko an hau tudu ake jin ƙwanƙwasa, zargi shokazoba da robobinta, bushin, mazaunin sifirin, ko salansa da ke bugun bodi.

Idan ƙarar tana ƙaruwa da gudu ko a kan kwalta mai santsi, abin da ke juyawa ne. Kewayen tayar 504 ya kusa mita 2, ke nan a gudun kilomita 30 a awa tana juyawa kamar sau 4 a daƙiƙa, a kilomita 60 kuma kamar sau 8. Idan bugun ya ninka da ka ninka gudu, duba taya, rim ko birki.

Idan gurnani ne mai ɗorewa da ke sauyawa a kwana, boris ne abin zargi. Kwana ta hagu tana ɗora nauyi a kan tayoyin dama, don haka idan gurnanin ya ƙaru a lokacin, fara duba na dama. Manhajar Spectroid da ke Play Store tana zana sauti a allo, za ka ga layin yana hawa yayin da gudu ke ƙaruwa.

Idan kuwa kukan yana zuwa ne da taka totur, ya ɗauke ko ya sauya da ka ɗaga ƙafa, to ka nufi cikin aksil da farfela, ka duba ko akwai mai a ciki.

Mataki na uku: bidiyo a tsaye

Ajiye motar a wuri mai shimfiɗa, ka ja birkin hannu, ka sa dutse a tayoyin gaba. Jingina wayar a ƙasa tana kallon ƙafar baya, tocila a kunne, ka zaɓi ɗaukar bidiyo mai tafiyar hawainiya. Mutum biyu su riƙa danna bayan motar suna saki. Idan aka sake ta ta ci gaba da lilo fiye da sau ɗaya ko biyu, shokazoba ta gaji. Ƙurar yankinmu ma tana taimakawa: inda mai ke yoyo ƙura kan manne ta yi baƙi, inda ƙarfe ke gugar ƙarfe kuma za ka ga wurin yana ƙyalli. Idan ƙarar ƙiiƙii ce, fesa ruwan sabulu a kan bushin ɗaya bayan ɗaya. Wanda ya yi shiru na ɗan lokaci shi ne mai laifi. Kada ka zuba baƙin mai, yana lalata roba. Kuma kada ka taɓa shiga ƙarƙashin motar da jak kaɗai ke riƙe da ita.

Abin da muka tarar

A motar kawu, wayar dama ce ta fi ɗaukar ƙarar, kuma sai a gargada. Bidiyo ya nuna abu biyu. Na farko, an ɗaura salansa kusa da aksil, duk saukar mota sai su gaisa. Na biyu, wani sabon bushin ya riga ya fara tsagewa.

Dalilin tsagewarsa kuskure ne da ake yawan yi bayan babban gyara. Irin wannan bushin roba ce manne da bututun ƙarfe, ba ya juyawa a kan ƙusa, robar ce ke murɗewa. Idan aka ɗaure notinsa tamau alhali mota na sama tayoyi na reto, da zarar an sauke ta sai robar ta zauna a murɗe ko mota na tsaye. Ƙara mata lodin buhunan riɗi da ramukan hanya, ba za ta yi nisa ba. Ƙa'idar ita ce a ɗaura notin sako-sako, a sauke motar a kan tayoyinta, a jijjiga ta ta zauna, sannan a ƙarasa ɗaurewa a kan ramin gareji.

Na nuna wa makaniken bidiyon, na ce, "Oga, duba nan ka gani ko idona ne." Ya kalla sau biyu, ya kira yaronsa ya kawo sifana. Aka canza bushin ɗaya, aka gyara ratayen salansa, aksil kuma ba a sauke shi ba.

Inda waya ta tsaya

Waya tana rage lalube ne, hannun makanike ne zai tabbatar. Wasu wayoyin suna tace hayaniya da kansu, don haka idan manhajarka tana da wurin kashe wannan tacewar, kashe ta. Wajen turawa ta WhatsApp, aika bidiyon a matsayin fayil domin kada a rage ingancinsa. Sannan akwai alamun da ba a jira da su: tayar da ke rawa idan an girgiza ta, tsakiyar tayar da ya yi zafi fiye da na ɗaya ɓangaren bayan gajeriyar tafiya, ko bayan mota da ke kaucewa gefe a kan miƙaƙƙiyar hanya. Idan ka ga ɗaya daga cikinsu, kada a yi mata lodi, kada a ɗauki fasinja, sai an gyara.