Bayan fiɗar ciki, kada a danne tari

Tun shekarar 2005 da gwamnatin Nijar ta yafe wa mata kuɗin fiɗar haihuwa, aikin da a da ake ji daga nesa ya shigo gidajen talakawa. A ƙaramar hukumar El Allassane Maïreyrey, idan naƙuda ta gagara, ko hanji ya huje sanadiyyar zazzaɓin taifot, sai a ɗauki majinyaci zuwa Mayahi, Tasawa ko Maradi. Amma akwai abin da masu jinya ba su cika lura da shi ba bayan an fito ɗakin fiɗa, wato tari.

Tari tsintsiyar huhu ne. Mutum yana jan iska, maƙogwaro ya rufe, naman ciki ya matsa da ƙarfi, sai iska ta fito da kaki. To, wannan naman ne wuƙar likita ta ratsa. Zafin ɗinki yana sa majinyaci ya riƙa numfashi sama-sama, maganin sa barci da masu kashe zafi irin su morfin kuma suna rage ƙarfin tarin. Idan aikin a saman cibiya ne, iskar da mutum ke iya shaƙa takan ragu da kusan rabi a kwanakin farko. Kaki ya taru, wani sashen huhu ya lotsa, ƙwayoyin cuta su samu wurin zama. Daga nan sai ciwon huhu, wanda kan yi kisa ko da aikin ya yi kyau.

Saboda haka, jama'a, idan uwa ko kishiya ta ce wa mai jego "daure, kar ki yi tari, ɗinki zai ɓalle", tausayi ne, amma yana iya cutarwa. Shawarar likitoci ita ce a zauna, a naɗe zane ko a ɗauki matashi a danne wurin ɗinkin da hannu biyu, a ja numfashi mai zurfi, sannan a yi tarin. A tashi a taka da wuri idan likita ya yarda. In zafi ya hana, a faɗa masa. Bayan sallama, a nisanci hayaƙin murhu da taba.

Wanda aka ga zazzaɓi ya rufe shi, numfashi na yi masa wuya, kakinsa ya koma rawaya ko kore, ko ɗinki na fidda ruwa, kada a jira ranar kasuwa don neman mota. A kai shi CSI mafi kusa a ranar. Allah ya ba marasa lafiyarmu sauƙi.