Hoton da Ba a Ƙarasa Ba: Nazari a Kan Zanen James Hunter na Alice Neel

Manazarta fasahar zane sun daɗe suna muhawara a kan matsayin aikin da mai shi ya ajiye kafin ya kai ƙarshe. Wasu na ɗaukar giɓin da aka bari a matsayin naƙasa, wasu kuwa na ganin shi ma saƙo ne. Wannan maƙala za ta dubi misali guda, wato hoton James Hunter wanda Alice Neel (1900-1984) ta zana a birnin New York na Amurka cikin 1965.

Hunter baƙar fata ne da aka kira aikin soja na tilas a shekarar da gwamnatin Shugaba Johnson ta tsananta tura dakaru zuwa yaƙin Biyetnam. Ya zauna wa Neel sau ɗaya, bai dawo zama na biyu ba. Abin da ta samu damar yi wa fenti shi ne fuskarsa da ɗan ɓangaren hannun da ya yi tagumi da shi. Sauran jiki da kujerar da yake zaune a kai duk layuka ne kawai a bisa farin ƙyalle. Maimakon ta cike giɓin daga tunaninta, sai ta sa hannu a bayan hoton, alamar cewa a wurinta aiki ya kammala.

A nan ne batun asali ya shigo. Kalmar "zane" a Hausa ta ƙunshi hoton da aka zana da kuma tsagar fuska da ke nuna inda mutum ya fito, kuma a hoton nan fuskar ce kaɗai ke ɗauke da shaidar ko wane ne. Ita ce ta samu launi da inuwa da damuwar da ke cikin ido. Jikin kuwa, wanda shi ne hukuma ke bukata, ba shi da wata alama da ta bambanta shi da na dubban samarin da aka kira a wannan shekara.

Taken aikin ma abin lura ne ga masu nazarin harshe. Kashi uku ne: sunan yanka, sai launin fata, sai matsayinsa na wanda aka kira soja. Na farko ne kaɗai nasa na kansa. Sauran biyun laƙabi ne da al'umma da gwamnati suka ɗora masa.

Sai dai akwai bukatar taka-tsantsan. Neel ba ta tsara wannan giɓi tun farko ba, rashin dawowar Hunter ne ya haifar da shi. Zaɓinta ya tsaya ga ƙin cike shi. Saboda haka masu fassara farin ƙyallen da cewa ishara ce ga mutuwa sun ɗora wa hoton abin da ba ya cikinsa. An baje shi a 2016 a nunin ayyukan da ba a kammala ba wanda gidan adana kayan fasaha na Metropolitan ya shirya a New York.