Kafin Kwali Ya Bar Kano

Mai sayar da huluna ko takalman fata a Instagram zai iya kwana a Kano ya wayi gari da mai saye a Landan. Aika kayan ne ke da wuya.

Kamfanoni irin su DHL suna duba girman kwali, ba nauyinsa kaɗai ba. Sukan ninka tsawo da faɗi da tsayi a santimita, su raba da 5,000. Kwali mai 40 da 30 da 25 ya zama kilo 6 ke nan, ko da huluna ne a ciki. Shi ya sa gogaggu ke matse kaya a ƙaramin kwali.

Sai kwastan. Tun Yulin 2021 Tarayyar Turai ke karɓar harajin VAT a kan kowane ƙunshi, komai ƙanƙantarsa. A Agustan 2025 kuma Amurka ta soke rangwamen da take yi wa kayan da ba su wuce dala 800 ba. Wanda bai faɗa wa mai saye wa zai biya ba, ya jawo wa kansa rigima.

Kilishi kuwa, duk daɗinsa, jami'an Amurka ƙwace shi suke yi, saboda dokar hana shigar da nama daga Najeriya.