Ƙananan ƙusoshi ko manya: wanne ya fi riƙe haƙoran roba na ƙasa?

Haƙoran roba na sama sukan zauna daram saboda suna manne wa ganda. Na ƙasa ba su da wannan gata. Harshe yana ture su, ƙashin muƙamuƙi kuma yana zaizayewa tun daga ranar da haƙoran asali suka zube. Shi ya sa dattijo kan haƙura da tsire ko kilishi a gaban jama'a, don gudun kada haƙoran su zame ana tsakiyar hira.

Maganin da likitoci suka fi amincewa da shi shi ne dasa ƙusoshin ƙarfen taitaniyam a cikin ƙashi, a maƙala haƙoran a kansu kamar maɓalli. Per-Ingvar Brånemark, ɗan ƙasar Suwidin, ya fara yi wa mutum irin wannan dashe a 1965, bayan ya gano cewa ƙashi yana haɗewa da wannan ƙarfe. A 2002, masana da suka taru a Jami'ar McGill ta Kanada sun yi matsaya cewa ƙusoshi biyu su zama zaɓin farko ga wanda ba shi da haƙori ko ɗaya a ƙasa.

Babbar ƙusa tana da kaurin kusan milimita 4, kuma akan jira kamar wata uku kafin ta kama ƙashi sosai. Ƙarama ba ta kai milimita 3 ba. Sau da yawa ba a tsaga dasashi wajen sa ta, kuma idan ta kafu da kyau ana iya ɗora haƙoran a ranar. Saboda sirantarta, guda huɗu akan dasa a gaban muƙamuƙi, nesa da jijiyar da ke ba leɓen ƙasa ji.

A nan mutane da yawa ke yin kuskure: suna ɗaukar ƙaramar a matsayin babbar da aka yi wa rangwame. Amfaninta na gaskiya yana ga wanda ƙashinsa ya sirance har babbar ba za ta shiga ba sai an yi masa ƙarin ƙashi, ko tsohon da jikinsa ba zai ɗauki doguwar tiyata ba. Amma ta fi saurin karyewa a bakin mai cizo da ƙarfi ko mai niƙa haƙora cikin barci. Gangar jikinta da kanta kuma ƙira ɗaya ce, don haka idan kan ya cinye, sai dai a cire ta gaba ɗaya. Ita babbar, kanta kawai ake kwancewa a sauya.

Hoton ƙashi ne ke raba gardama, domin shi ke nuna kauri da tsawon abin da ya rage. Shan taba da ciwon suga da ba a shawo kansa ba suna rage nasarar kowacce, kuma zoben robar da ke riƙe maɓallin yakan saki, sai an riƙa sauya shi lokaci zuwa lokaci.